Darasin Kiɗan da Ake Farawa da Tuɓe Takalmi: Sharhi kan Wani Ajin Tsarin Dalcroze a Jeniba

A birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan akwai wani babban titi da aka raɗa wa sunan Émile Jaques-Dalcroze, malamin kiɗan da ya ƙirƙiro tsarin koyar da kiɗa ta hanyar motsa jiki, kabarinsa kuma yana cikin maƙabartar Cimetière des Rois, inda ake binne fitattun mutanen birnin. Mutumin ya rasu ranar 1 ga watan Yuli na 1950, saura kwana biyar ya cika shekara 85 da haihuwa, amma har yau da wuya a yi maganar koyar da kiɗa ga yara a wannan birni ba a ambaci sunansa ba. Da aikina ya zaunar da ni Jeniba na tsawon wasu watanni, sai na ga wata ƙaramar makarantar kiɗa mai zaman kanta ta buɗe aji na manya domin tunawa da shi, inda ake koyar da tsarinsa sau ɗaya a mako da yamma, tsawon mako goma sha biyu. Na yi rajista, na halarci dukkan darussan in ban da guda ɗaya. Ya kamata a sani tun da farko cewa wannan makaranta daban take da babbar cibiyar da shi Dalcroze ya kafa da hannunsa, saboda haka yabo da sukan da za su biyo baya a kan wannan ajin kaɗai suke.

Abu na farko da aka buƙace mu da shi shi ne mu tuɓe takalma mu ajiye a bakin ƙofa. Ɗakin babu tebur, babu kujeru a jere, babu littafi. Fili ne kawai mai daɓen katako, da fiyano a kusurwa ɗaya, da kwando cike da ƙwallayen tanis da sanduna gajeru da ƙananan ganguna na hannu. Mu goma sha huɗu ne, akasarinmu mun ba shekara arba'in baya, wasu malaman makaranta ne, wasu sun taɓa koyon kaɗa wani kayan kiɗa tun suna yara suka watsar. Malamar ba ta yi wani dogon jawabi ba. Ta zauna gaban fiyano ta ce kowa ya yi tafiya yadda ya saba, ya zagaya ɗakin ta inda ya ga dama. Muna cikin tafiya sai ta soma kiɗa, kuma sai da aka ɗan jima na lura cewa takunmu take kallo tana daidaita kiɗan da shi. Da ta tabbatar ƙafafunmu sun haɗu a bugu ɗaya, sai ta karɓe ragamar: ta ƙara sauri muka bi, ta rage muka bi, ta yi shiru muka tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama, ba tare da ta furta kalma ko ɗaya ba.

A cikin waɗannan mintuna biyar na farko asalin tunanin Dalcroze yake ƙunshe. An haife shi a birnin Biyana a 1865, iyayensa 'yan Suwizalan ne, kuma ya yi karatun kiɗa a Jeniba da Faris da Biyana, inda ya zauna gaban manyan malamai irin su Anton Bruckner da Gabriel Fauré. A 1886 ya yi aikin jagorantar makaɗa a wani gidan wasa da ke birnin Aljiyas, inda ya ji irin yadda makaɗan Arewacin Afirka suke sarrafa bugu ta hanyoyin da bai saba ji a Turai ba. Da aka naɗa shi malami a makarantar koyon kiɗa ta Jeniba a 1892, sai ya tarar da abin da ya tayar masa da hankali: ɗalibansa sun iya rubuta haɗin sautuka a takarda bisa ƙa'ida ba kuskure, amma ba sa jin abin da suka rubuta a cikin kunnuwansu, kuma da yawansu ba sa iya riƙe bugu idan suna kaɗawa. Sai dai ya lura cewa ɗalibin da ya kasa riƙe bugu a kan fiyano, idan ya fita titi takunsa a daidaice yake ba tangarɗa. Daga nan ya yanke cewa ai rauji, wato daidaiton bugu, yana nan a jikin mutum tun asali, kuma aikin malami shi ne ya haɗa abin da kunne ya ji da abin da jiki ya riga ya iya, kafin a je ga alƙalami da takarda. Shugabannin makarantar ba su yi na'am da ganin ɗalibai suna zagaya aji ba takalmi ba, har sai da ya nemi wani ɗaki a waje ya ci gaba da gwaje-gwajensa, kafin ya nuna sakamakon a taron makaɗan Suwizalan da aka yi a garin Solothurn a 1905.

Daga mako na biyu aikin ya fara tsauri, kuma a nan ne na daina yi wa abin kallon wasan yara. Akwai wani atisaye da ake tafiya gaba bisa kiɗa, da zarar malama ta ce "hop", kalmar da aka gada daga Dalcroze kansa, sai a juya da baya ba tare da an ɓata bugu ko ɗaya ba. In ta sake cewa "hop" sai a daina taku a koma tafi. Manufar ita ce a horar da jiki ya iya tashi nan take ya kuma iya tsayawa nan take, domin makaɗin da ba ya iya kame hannunsa a inda ya dace bai fi wanda ba ya iya motsa shi ba. Akwai kuma wanda ƙafa take taka bugu biyu yayin da hannu yake tafa uku a cikin lokaci ɗaya, sannan a musanya. Na shekara da shekaru ina iya bayyana wannan a allo da lissafi, amma ranar da aka ce in yi shi da jikina sai na tsaya a tsakiyar ɗaki kamar wanda aka ɗaure. Wanda ya fi kowanne wahala shi ne na bin sawu: malama tana kaɗa wani salon bugu, mu kuma muna taka wanda ta kaɗa a gaɓar da ta wuce (gaɓa ita ce ɗan rukunin bugun da ake raba kiɗa da shi), alhali kunnenmu yana ɗaukar sabon da take kaɗawa yanzu domin mu taka shi nan gaba. Ana ji, ana ajiyewa, ana aikatawa, duk a lokaci ɗaya. Bayan minti goma na wannan atisaye mutum yakan ji kansa ya fi ƙafarsa gajiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin ƙwallo. An haɗa mu bibbiyu, kowa yana gangara wa abokinsa ƙwallon tanis a ƙasa, da sharaɗin ƙwallon ta bar hannu a farkon jimlar kiɗa ta isa hannun ɗayan daidai ƙarshenta. Idan jimlar doguwa ce kuma tazarar kaɗan ce, dole a tura a hankali. Idan gajera ce kuma an ja da baya, dole a ƙara ƙarfi. Mabiya Dalcroze suna kiran wannan dangantakar lokaci da fili da ƙarfi, kuma ita ce ginshiƙin tsarin gaba ɗaya. Mai goge da ke jan bakansa a kan tsirkiya, da mawaƙin da ke raba numfashinsa a kan dogon baiti, wannan lissafin suke yi ko sun sani ko ba su sani ba. A wannan daren ne na gane dalilin da ya sa wasu masu kaɗa fiyano kiɗansu yake fita a sandare ko da ba su kuskure ko alama ɗaya ba: suna kula da inda sauti ya fara, ba sa kula da tafiyar da ke tsakanin sauti da sauti. Ƙwallo kuwa ba ta yarda da wannan sakaci, domin idan aka tura ta ba daidai ba kowa zai gan ta ta iso da wuri ko ta maƙale a hanya.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato gwanintar malamar wajen ƙirƙirar kiɗa nan take. A tsawon darasi idonta yana kanmu, da wuya ta dubi yatsunta. Idan ta ga mun rikice sai ta sauƙaƙa kiɗan ta fito da bugun fili har mu dawo hanya, idan kuma ta ga mun fara sabawa muna yi da ka sai ta sauya salo ta ɓoye bugun, ta tilasta mana sake kasa kunne. Wani lokaci takan zaɓi mutum ɗaya ta ce ya yi tafiyar da ya ga dama, ita kuma ta kaɗa tafiyarsa, har wanda yake ɗingishi kaɗan ya ji ɗingishinsa ya zama kiɗa mai daɗi. Na tabbatar da muhimmancin wannan a mako na bakwai, lokacin da malamar ba ta sami zuwa ba aka kawo wani ya riƙe ajin da faifan da aka naɗa. Atisayen su ne dai waɗanda muka saba, ƙwallayen su ne, amma darasin ya mutu murus. Faifai ba ya ganin wanda ya ɓace, ba ya jira, ba ya zolaya, kuma bayan an maimaita shi sau biyu kowa ya haddace inda zai tsaya, sai aka koma motsa jiki kawai kunne yana hutawa. A ganina makarantar ta yi kuskure da ba ta ɗage darasin wannan rana ba, domin abin da aka ba mu ba shi muka biya kuɗi dominsa ba. Wanda duk zai shiga aji irin wannan, tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce ko malamin da kansa zai riƙa kaɗawa, da kuma irin shaidar da yake riƙe da ita. Horon malaman wannan tsari yana ɗaukar shekaru, kuma babbar shaidarsa daga cibiyar Jeniba take fitowa.

Tsarin Dalcroze rassa uku gare shi: motsi bisa kiɗa, wanda Faransawa suke kira rythmique, masu jin Ingilishi kuma eurhythmics, horar da kunne da murya ta hanyar rera do, re, mi, da ƙirƙirar kiɗa nan take. A wannan aji reshe na farko ya cinye kusan dukkan lokacin. Horar da kunne minti goma sha biyar kacal ake ba shi a ƙarshen darasi, lokacin da kowa ya gaji, alhali kuwa matsalar kunne ce ta fara tura Dalcroze wannan hanya. Abin da aka ɗan taɓa mana yana da ban sha'awa ƙwarai, wato dabararsa ta rera kowace matakalar sauti daga do zuwa do, ana sauya sautukan tsakiya kawai, har kunne ya koyi gane inda gidan waƙar yake ba tare da an faɗa masa ba. Sau uku kawai muka yi wannan a cikin mako goma sha biyu. Ƙirƙira kuwa an bar ta a kan ganguna da tafi, ba a kai ga fiyano ko murya ba. Ga sabon shiga wannan ba laifi ba ne, amma takardar tallar ajin ta yi alkawarin rassan uku daidai wa daida.

Ɓangaren tunawa da mutumin shi ma bai ƙosar ba. An ware rabin darasi ɗaya aka nuna mana tsofaffin hotuna, aka karanto shekarun haihuwa da rasuwa, aka wuce, alhali tarihin da ke bayan hotunan nan ya isa a zauna a kansa. A 1910 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Wolf da Harald Dohrn, suka gayyaci Dalcroze zuwa Jamus, aka gina masa makaranta a Hellerau kusa da birnin Dresden, wadda Heinrich Tessenow ya zana gininta. Babban zauren ba shi da labulen da ke raba 'yan wasa da 'yan kallo. Adolphe Appia ya tsara dandamalin da matakalai da dakali kawai, Alexander von Salzmann kuma ya sa fitilu a bayan farin ƙyallen da ya rufe bango da rufi, har ɗakin da kansa yake haske. A nan aka gabatar da Orfeo, wasan kwaikwayo na waƙa da Gluck ya tsara kiɗansa, a 1913, manyan mutane irin su George Bernard Shaw da Paul Claudel suka zo kallo. Mary Wigman, wadda daga baya ta zama jigo a rawar zamani ta Jamus, ɗalibar wannan makaranta ce. Daga nan ne kuma Diaghilev, shugaban wata shahararriyar ƙungiyar 'yan rawa ta Rashawa, ya ɗauki ɗaliba Marie Rambert domin ta taimaka wa mai tsara rawarsa Nijinsky wajen warware sarƙaƙƙen bugun kiɗan da Stravinsky ya rubuta. Duk wannan shekara huɗu kacal ya yi. Yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 Dalcroze yana Jeniba, ya sa hannu a takardar nuna rashin amincewa da ruwan bama-baman da sojojin Jamus suka yi wa babbar majami'ar Reims, ƙofar komawa Jamus ta rufe masa. A 1915 ya buɗe cibiyarsa a titin Terrassière, inda take har yanzu, kuma a 2015 ta cika shekara 100 daidai da cikar shekara 150 da haihuwarsa. Da an ba mu ko da rabin wannan labari a aji, da ɗalibai sun fahimci cewa zagayen da suke yi ba takalmi yana da hannu a sauyin da aka samu a rawa da wasan kwaikwayo na Turai a ƙarni na 20.

Akwai wasu ƙananan matsaloli da suka shafi wurin. Ɗakin ya yi wa mutum goma sha huɗu kaɗan, ga ginshiƙi a tsakiyarsa wanda ya sa duk lokacin da aka ce a yi gudu ko tsalle rabin hankalin mutum yana kan kada ya yi karo. Darasin da Faransanci ake yin sa, ko da yake wannan bai zama babban cikas ba, tunda kashi mafi yawa na umarnin daga fiyano yake fitowa. Ba a ba da ko takarda ɗaya ta taƙaita abin da aka yi, wanda hakan ya yi daidai da ra'ayin Dalcroze cewa a fara ji a jiki kafin a yi bayani, amma malamin makarantar da yake son ya kai abin ajinsa zai so a ce bayanin ya biyo baya ko da a ƙarshe ne. Kuɗin kuma ba kaɗan ba ne, kamar yadda komai yake a Jeniba. Da faran na Suwizalan ake biya, gaba ɗaya tun kafin a fara, ba a kuma mayar da na darasin da mutum bai halarta ba.

Su wa wannan aji zai amfana? Malaman da ke koyar da yara su ne a sahun gaba, domin za su fita da hanyar koyar da tsawon sauti da gajartarsa, da sauri da jinkiri, da ƙarfi da taushi, ba tare da sun tsare yaro a kujera ba. Ba banza ba ne ake koyar da wannan darasi a makarantun firamare na gwamnatin Jeniba. Makaɗan da suka iya karanta rubutun kiɗa amma bugu yake kufce musu su ma za su ga canji, kuma ni shaida ne, domin a mako na goma na taka biyu na tafa uku ina hira da na kusa da ni. Sai kuma dattawa, waɗanda a kansu akwai hujjar likitoci. Wani bincike da Andrea Trombetti da abokan aikinsa na asibitocin jami'ar Jeniba suka wallafa a 2011 ya bi mutum 134 masu shekara 65 zuwa sama, aka sa wani rukuni yana yin awa ɗaya na wannan darasi a kowane mako tsawon wata shida, aka tarar yawan faɗuwa a cikinsu ya ragu da kashi 54 cikin ɗari idan aka kwatanta da ɗayan rukunin. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya shiga ajin: tsoho yakan faɗi ne a lokacin da hankalinsa ya rabu biyu, yana tafiya yana magana ko yana waige, darasin kuwa gaba ɗayansa horo ne kan yin abu biyu a lokaci ɗaya ba tare da ƙafa ta rikice ba. A ajinmu akwai wata dattijuwa da ta haura saba'in, wadda a makon farko ba ta yarda ta yi nisa da bango, a makon ƙarshe kuwa ita ce take jan layi idan aka ce a yi tafiya da baya.

Wanda yake son ya fita yana kaɗa waƙa a fiyano ko jita cikin wata uku, wannan ba wurinsa ba ne, domin ba a koyar da kowane kayan kiɗa. Haka nan wanda yake neman ajin rawa zai sha mamaki, tunda babu wani salon taku da ake haddacewa, babu madubi, kuma ba ruwan kowa da kyan motsi matuƙar ya dace da abin da kunne ya ji. Mai jin nauyin tsalle a gaban baƙi zai sha wuya a mako biyu na farko, daga nan ya ga kowa ta kansa yake yi, ba mai lokacin kallon wani.

A darasin ƙarshe malamar ta maimaita atisayen da muka fara da shi, amma da ƙari ɗaya. Muna cikin tafiya bisa kiɗa sai ta ɗage hannuwanta daga fiyano ta ce mu tsaya, mu ci gaba da jin kiɗan a zuci har gaɓa takwas, sannan mu tafa sau ɗaya a farkon ta tara. Babu mai ƙirga da baki, babu mai kaɗa kai, ɗakin ya yi tsit har ana jin motocin titi. Da lokacin ya yi, mutum goma sha huɗu suka tafa, tafin ya fita kusan kamar na mutum ɗaya, in ban da wani bawan Allah da ya riga mu da ɗan kaɗan ya kuma fashe da dariya. A makon farko da aka gwada mu da irin wannan, tafin ya warwatsu kamar saukar yayyafi a kan kwano. Zan sake yin rajista a zango mai zuwa idan ina garin, amma sai na tabbatar malamar nan ce za ta zauna gaban fiyano, kuma zan roƙi a ƙara wa horon kunne lokaci.